Thomas Bewick Da Sana'ar Sassaƙa Zane

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san daɗin littafi mai hotuna. Kafin mutum ya iya haɗa baƙi da wasali, hoton raƙumi ko na kaza da ke gefen shafi shi ke fara gaya masa abin da rubutun ke nufi. Amma ba kowa ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa yadda hoton nan ya hau takarda ba. A zamanin yanzu inji ke yin wannan aiki. A da kuwa, kafin a gano hanyar buga hoton kyamara cikin littafi, galibi sai wani ya zauna ya sassaƙa hoton da hannu, layi bayan layi, bisa katako ko bisa tagulla, sa'an nan a shafa tawada a danna a takarda. Sana'a ce sosai, mutane da yawa sun ci abinci da ita a ƙasashen Turai.

Nufinmu a nan mu ɗauki mutum guda daga cikin masu wannan sana'a mu auna aikinsa, mu ga inda ya gwaninta da inda ya gaza. Sunansa Thomas Bewick, mutumin Ingila ne, Ingilishi kuwa suna furta sunan nan Biyuwik. Dalilin da ya sa muka zaɓe shi, rayuwarsa ta amsa wata tambaya da ke damun iyaye har yau. Watau, in yaro ya nuna yana da hannu, yana son ya zauna yana zana ƙarfe ko katako, shin a bar shi ya riƙe wannan ta zama sana'arsa, ko kuwa a kau da shi tun da wuri, tun da ya ke inji ya cika duniya?

An haifi Bewick cikin 1753 a wani ɗan gida da a ke kira Cherryburn, kusa da kogin Tyne, can arewacin Ingila. Ubansa manomi ne, yana kuma da wani ɗan ramin haƙar kwal. Yaron bai ba malamansa daɗi ba, gama ya fi son yawon daji da kamun kifi bisa ga zaman aji. In an tsare shi sai ya cika gefen littattafansa da zane, in takarda ta ƙare ya ɗauki alli ya bi daɓe da duwatsu. Da ya kai shekara 14, cikin 1767, aka kai shi birnin Newcastle aka damƙa shi ga wani mai sassaƙa zane, Ralph Beilby, bisa sharaɗin zai yi shekara 7 yana koyo.

Kada ku zaci shagon Beilby wurin yin hotunan ƙawa ne. Kome aka kawo karɓa su ke yi. Suna zana lambobi a fuskar agogo, suna rubuta suna a cokalin azurfa da zobe da hatimi, suna yin allon suna na ƙofar gida, da ƙawanyar wuyan kare, har da ɗan allon da a ke mannawa jikin akwatin gawa. Maigidan gwani ne a kan ƙarfe, amma ba ya son aikin katako, saboda haka in an kawo shi sai ya tura wa yaron. Haka aka yi sa'ad da wani malamin lissafi, Charles Hutton, ya nemi a sassaƙa masa siffofin awo na littafinsa. Abin da maigida ya rena, shi ya zama arzikin yaro. Cikin 1775 wata ƙungiya ta Landan ta ba shi lada gini 7, watau sule 147, saboda wani ɗan hoto na maharbi da tsohon karensa.

Kafin mu auna aikin, ya kamata mu san yadda a ke yinsa. Hanya biyu ce babba. Ta fari ita ce ta tagulla. A nan mai sassaƙa ya kan tsaga layi cikin ƙarfe, a cika tsagar da tawada, a goge saman, sa'an nan a matse takarda da ƙarfi har ta tsotse tawadar da ke cikin tsaga. Hoton ya kan fito da kyau ƙwarai, amma da tsada, gama tilas a buga shi dabam a wani inji, a buga rubutu dabam. Tagulla kuma tana da taushi, ba ta daɗewa sai ta siɗe. Hanya ta biyu ita ce ta katako, tana kama da hatimi. A kan sassaƙe duk inda a ke so ya fito fari, abin da aka bari a sama shi ke ɗaukar tawada. Wannan tana da araha, domin a kan jera katakon tare da baƙaƙen ɗab'i a buga su gaba ɗaya. Aibinta a wancan zamani shi ne da wuƙa a ke yi, bisa allon da aka tsaga a tsaye, hoton ya fito da kauri kamar zanen gawayi. Don haka sai littattafan kwabo-kwabo a ke sa wa irinsa.

Bewick ya haɗa amfanin hanyoyin nan biyu. Ya ɗauki wani itace mai tauri da a ke kira bokis, wanda a ke kawowa daga wajen ƙasar Turkiyya, aka yanka shi a gicciye kamar yadda a ke gunduwa rake, aka goge fuskar ta yi sumul. A wannan fuska itace ba shi da jijiyar da za ta ja wuƙa gefe. Sai ya ajiye wuƙa, ya ɗauko alƙalamin ƙarfe mai tsini irin na masu zana tagulla, ya riƙa tura shi da tafin hannu. Ba shi ya fara gwada wannan ba, amma shi ya fara nuna iyakar abin da za ta iya yi. Ya kuma sake tunanin aikin. Waɗanda suka riga shi suna ɗaukar katako kamar farar takarda ce, suna wahalar barin baƙin layi a tsaye. Shi kuwa ya ɗauke shi kamar dare ne, kowace tsaga da ya yi haske ce ya shigo da shi. In yana son wani wuri ya fito toka-toka, kamar dutse mai nisa ko ƙirjin tsuntsu, sai ya kankare wurin ya ɗan yi ƙasa kaɗan, don kada inji ya danna shi sosai. Katakon nan kuwa yana da ƙarko. Shi da kansa ya lissafa cewa wani da ya yi wa wata jarida ya bugu wajen sau 900,000.

Ku tuna kuma, duk abin da ke kan katako a juye ya ke, dama ta koma hagun, kamar yadda ku ke gani a hatimi. Babu kuma gogewa. In ƙarfe ya zame ya yanke inda bai kamata ba, sai dai a huda wurin a cusa sabon itace, ko a jefar da aikin kwana da kwanaki.

Da ya gama koyo, Bewick ya tafi Landan cikin 1776, inda kowa ke cewa can kuɗi su ke. Ya sami aiki, amma birnin bai kwanta masa ba. Bayan wata 9 ya komo Newcastle, cikin 1777 suka haɗa jari da tsohon maigidansa. Waɗansu sun ga wauta ce. A ganina wannan komowa ita ce ta yi shi, gama abin da ya sani ƙwarai yana gida, watau gonaki da rafuka da mutanen ƙauye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

To, bari mu duba littattafan. Na fari shi ne na dabbobi masu ƙafa huɗu. Ya fara sassaƙa shi ran 15 ga Nuwamba 1785, ranar da ubansa ya rasu, hoton da ya fara yi kuwa na raƙumi ne. Littafin ya fito cikin 1790, Beilby ya rubuta yawancin bayanin, Bewick ya yi hotunan. Ya karɓu ƙwarai, aka yi ta sake buga shi. Amma mai duba shi da idon basira zai ga hotunan sun kasu biyu. Karnuka da tumaki da dawaki da yanyawa, waɗanda ya tashi yana gani, suna da rai. Kana iya gane karen da ke jiran umurnin makiyayi daga yadda ya kafa kunne. Namun dajin ƙasashe masu zafi kuwa, waɗanda bai taɓa gani ba, shi da bakinsa ya ce daga littafin wani Bafaranshe mai suna Buffon ya kwaikwayo su. Waɗannan sun tsaya ƙiƙam kamar an ɗaure su. Wanda ya taɓa ganin dorina a kogi, ko raƙumin dawa yana miƙa wuya ga ƙaya, zai ga gwanin nan yana lalube cikin duhu. Hannun ɗaya ne, ƙarfen ɗaya ne, ido ne bai gani ba.

Ba a kansa aka fara wannan tuntuɓe ba. Cikin 1515 wani babban gwani na Jamus, Albrecht Dürer, ya yi hoton karkanda daga wasiƙa da ɗan zanen da aka aiko, bai ga dabbar ba. Ya sa mata sulke kamar dokin yaƙi, ya ƙara mata wani ɗan ƙaho a doro. Saboda kyan aikin, Turawa suka yi fiye da shekara 200 suna kwafe wannan kuskure cikin littattafansu. Kun ga ashe gwaninta ba tare da sani ba tana iya zama hatsari, gama ita ke sa a yarda da ƙarya.

Bewick ya gane haka, ya kuwa yi ƙoƙarin gyarawa. Cikin 1789 wani mai arziki, Marmaduke Tunstall, ya sa shi ya yi hoton bijimin wasu fararen shanun daji da ke Chillingham. Ya tafi da ƙafa, ya yi ta rarrafe ta ƙarƙashin iska don kada su sansano shi, har ya sami wani bijimi da aka kora daga garke ya zana shi. Hoton nan yana cikin mafi kyan aikinsa. Bijimin ya juyo yana harara, kowane ganye da ke bayansa an ba shi hakkinsa. Sai dai kash, ba a buga da yawa ba katakon ya tsage, wannan kuwa yana cikin hasarorin sana'ar.

Littafinsa na tsuntsayen Ingila shi ne ya ɗaukaka sunansa. Cikin 1791 ya yi wajen wata 2 a gidan Tunstall yana zana tsuntsayen da aka feɗe aka cusa wa fatunsu kaya aka tsai da su. Ya komo bai gamsu ba, domin mai cusawar bai san yadda tsuntsu ke tsayuwa ba. Daga nan ya fi dogara ga waɗanda ya sani a daji, da waɗanda abokai suka harbo suka aiko masa tun ba su bushe ba. Kashi na fari, na tsuntsayen tudu, ya fito cikin 1797, na biyu, na tsuntsayen ruwa, cikin 1804. Hoto bai fi faɗin tafin hannu ba, ba launi sai baƙi da fari, amma kana rarrabe gashin fiffike mai tauri da lallausan gashin ciki. Ya kuma sa kowane tsuntsu a mazauninsa, na fadama cikin fadama, na shinge bisa shinge. Duk da haka dokar nan ba ta bar shi ba. Tsuntsayen teku mai nisa, waɗanda sai fatunsu ya gani, ba su kai na bayan gidansu rai ba. Gani ya kori ji.

Abin da na fi so cikin aikinsa duka ba tsuntsayen ba ne. In bayani ya ƙare a tsakiyar shafi, sauran wuri ya rage, Bewick ya kan cika shi da wani ɗan hoto da bai fi inci 2 ko 3 ba. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gaya masa abin da zai yi. Cikin ɗaya, ga wata ramammiyar tunkiya cikin dusar ƙanƙara bakin wani kango, tana gaigayar tsohuwar tsintsiya don yunwa, ɗanta kuwa yana tsotson nonon da ba kome. Cikin wani, ga ɗan yaro ya kama wutsiyar doki yana ja, dokin ya kwantar da kunne zai yi harbi, ga mace can ta taho a guje. Cikin wani kuma yara sun ɗaura wa kare tsohuwar buta a wutsiya suna kora, wani babba yana tsaye yana kallo bai hana ba. Ba a rubuta kome ƙarƙashinsu ba, amma wanda bai iya karatu ba ma zai karanta su. Labari ne cikakke a wurin da bai fi akwatin ashana ba. A nan ne a ke ganin mutumin kansa, da tausayinsa ga dabba da talaka, da haushinsa ga mugunta.

Akwai wani abu da zai ba ku dariya, ku da kuka sha wahala kafin ku rabu da dangwale. Bewick, wanda ya iya rubutu iri iri har a juye, ya zauna ya sassaƙa zanen yatsansa, layi layi, ya buga shi cikin littafin tsuntsaye. Ya kuma sa irinsa a takardar shaidar biya ta littafinsa na tatsuniyoyin Aesop, wanda ya fito cikin 1818. 

Yabon gwani ya zama dole, amma ba za mu rufe ido ga aibinsa ba. Na fari, wani lokaci wa'azi ya kan yi masa yawa, ya cika hotuna da gungumen rataya da Shaiɗan, har abin ya gundura. Na biyu, waɗansu hotunan sun yi rashin kunya, har akwai wanda tilas aka gyara a bugu na baya. Na uku, ƙarfinsa a ƙaramin wuri ya ke. In aka ba shi siffar mutum babba, ba ya kai yadda ya ke kai wa a kan tsuntsu.

Aibi na huɗu ya fi nauyi, gama ya shafi hakkin mutane. Cikin 1839, bayan rasuwarsa, wani tsohon yaronsa, John Jackson, da wani marubuci mai suna Chatto suka fitar da littafi a kan sana'ar, suka ce da yawa daga cikin ƙananan hotunan nan yaran shago suka yi su. Suka ambaci Robert Johnson wajen zane, da Luke Clennell wajen sassaƙa. An kuma tabbata yawancin hotunan littafin Aesop yaransa ne suka sassaƙa, watau William Harvey da William Temple da ɗansa Robert. Iyalinsa sun ji zafin maganar. Masu kāre shi suka ce al'adar zamanin ke nan, duk abin da ya fito daga shago sunan maigida ya ke ɗauka, shi ya koya musu, shi ke duba aikin ya gyara. Wannan gaskiya ne, mu ma haka a ke yi a maƙera da majema da rumfar ɗinki. Amma al'ada ba ta wanke shi sarai ba. Shi kansa ya rabu da Beilby a ƙarshen 1797 saboda gardama a kan sunan wanda za a sa a matsayin mawallafin littafin tsuntsaye. Wanda ya san zafin a danne masa suna, ya kamata ya fi kowa ambaton na ƙasa da shi. In ba haka ba sai a ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu mu komo ga maganar abinci. Littattafan ciniki na shagon suna nan an adana su, sun kuwa nuna abin da mai sha'awar sana'ar ya kamata ya sani. Yawancin aikin da ke shigowa kullum na ƙarfe ne, watau azurfa da tagulla da hatimi da kan takardun 'yan kasuwa, da takardun kuɗi na bankunan lardin, inda Bewick ya yi ta neman dabarar da za ta gagari 'yan jabu. Hotunan da duniya ta san shi da su, da yawansu da dare ya yi su, bayan an tashi daga aikin shago. Littafin dabbobi ya ci shekara 5, na tsuntsaye ya ci 13. Da ya ce shi ya fi ƙarfin rubuta suna a wuyan kare, da yunwa ta kashe shi kafin tsuntsu na fari ya fito. Bai yi dukiyar a zo a gani ba, amma ya riƙe iyalinsa cikin rufin asiri, ya mallaki gida, ya yaye yara da yawa. Ya rasu ran 8 ga Nuwamba 1828 yana da shekara 75, ya bar wani hoto bai gama ba, na tsohon doki da aka yasar yana jiran mutuwa. Cikin 1830 aka sa wa wani babban farin tsuntsun ruwa sunansa, gidan da aka haife shi kuwa ya zama gidan tarihi.

Abin da ya faru bayansa shi ne babban darasi. Hanyarsa ta bazu ko'ina. Cikin 1842 aka fara wata jarida mai hotuna a Landan, aiki ya yi yawa har ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Sai aka riƙa raba babban hoto gunduwa gunduwa, a ba wannan sama, a ba wancan tufafi, a ba wani fuskoki, in sun gama a ɗaure katakan da ƙusoshi. Mai zane dabam, mai sassaƙa dabam, na biyun ba shi da ta cewa sai bin layin da aka shata masa. Suna kwana gaban fitila, da tulun gilashi cike da ruwa yana tara musu haske, idanu suna lalacewa. An sami kuɗi, amma an mai da mutum inji. Ran da inji na gaske ya zo kuwa, ba su da abin da za su fi shi da shi. Tsakanin 1880 da 1900 aka gyara hanyar ɗora hoton kyamara bisa ƙarfe da ruwan magani, ba tare da hannun kowa ba. Gidan 'yan'uwan nan Dalziel, wanda ya yi fice a Landan, wanda ya sassaƙa hotunan littafin Alice cikin 1865, ya karye cikin 1893. Ƙananan ma'aikata kuwa suka watse neman wata sana'a da furfurarsu.

Amma sana'ar ba ta mutu duka ba. Cikin 1920 waɗansu masu zane suka kafa ƙungiyar masu sassaƙa katako a Ingila, suka koma ga hanyar Bewick, watau wanda ya ga abu shi zai zana, shi zai sassaƙa. Wajen ƙarfe kuma an ci gaba da neman gwanaye domin kan sarki da takardun kuɗi. Wani mutumin Folan, Czeslaw Slania, wanda ya zauna Suwidin, ya sassaƙa kan sarki fiye da 1000 kafin ya rasu cikin 2005. In ka shafa sabuwar takardar kuɗi ka ji tawada ta yi tudu ƙarƙashin yatsa, hanyar ɗab'in nan daga masu tsaga tagulla aka gaje ta. A zamanin nan kuma wani sabon inji ya zo, mai aiki da hasken leza bisa umurnin kwamfuta. Cikin 'yan mintoci ya kan rubuta suna a kofin gasa, ko allon ofis, ko hatimi. Aikin da ya ciyad da shagon Beilby, yawancinsa ya koma hannun wannan inji.

To, mece ce amsar tambayarmu? A ganina ita ce, a bar yaro ya koya, amma a gaya masa gaskiya. In abin da zai iya kurum shi ne kwafe abin da aka ajiye masa, to, yana kan hanyar mutanen Dalziel, inji ya riga shi. In kuwa yana da ido, yana duban abin da ke gabansa har ya san shi, yana iya fid da zane daga kansa, to, yana da abin sayarwa wanda ba a cikin inji ya ke ba. Wannan ya shafi mai zanen ƙwarya da maƙerin farfaru da mai bugun tiren tagulla a Bida, kamar yadda ya shafi Bature. Kada kuma ya rena injin. Ya koyi sarrafa shi, ya bar masa aikin gaggawa ya ci abinci da shi, kamar yadda Bewick ya ci da cokula da agogo, ya keɓe hannunsa ga aikin da ke bukatar hannu. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Sauran magana ɗaya gare ku masu sabon karatu. Sana'ar nan rabinta rubutu ce, jarinta na fari kuwa shi ne iya ƙa'idar rubutu. Kuskuren alli a kan goge, na fensir a kan kankare, amma wanda aka tsaga cikin ƙarfe ya zauna ke nan. Sau nawa mu kan ga allo mai tsada an rubuta baki inda a ke nufin baƙi, ko kafa inda a ke nufin ƙafa, don mai aikin bai san amfanin lanƙwasa ba? Inji ba ya gyara wannan, abin da aka ba shi ya ke yankawa. Saboda haka wanda ya fito aji da rubutu mai kyau, ya riga ya taka matakin fari. Saura haƙurin zama gaban maigida shekara da shekaru, da tsare ido daga aiki cikin duhu, da riƙon amana. Mai yin hatimi yana riƙe da sa hannun mutane, in wani ya zo a asirce ya ce a yi masa na ofishin da ba nasa ba, amsar ita ce a'a, kome yawan kuɗin. In kuma Allah ya sa ya zama maigida wata rana, ya tuna da Johnson da Clennell, ya ambaci yaransa da aikinsu.

Allah ya sa albarka cikin sana'o'inmu, ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal, amin.